Jan biron da ke bayan fayil ɗin matata bai shiga kwamfuta ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon da kuka kawo a shirin lafiya na gidan rediyonku na daren Talata ya ce kwamfuta ba ta mantuwa. Sau uku ya faɗa, ina ƙirgawa. Bai tsaya nan ba, ya ce tsofaffin ma'aikatan ɗakin kati ne ke riƙe wa asibitoci ƙafa, wai mun saba da ƙura da karɓar na goro kafin mu nemo fayil. Mai gabatarwa ya yi dariya ya wuce. Na yi ta kiran layinku har aka rufe shirin ba a ɗauka ba, kuma tun daren nan maganar ke cina.

Shekara 29 na yi a ɗakin kati a nan Jos kafin in yi ritaya. Zagin na bar shi da Allah. Maganar mai ɗakina ce ta sa na ɗauki biro.

Fiye da shekara 20 da suka wuce, bayan haihuwarta ta uku, aka yi mata allurar penisilin. Kafin nas ta fita daga ɗakin jikinta ya kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa. Da Allah ya tashi kafaɗunta, likitan ya ɗauki jan biro ya rubuta a bayan fayil ɗinta da manyan haruffa cewa kada a sake ba ta penisilin ko danginsa, ya ja layi biyu a ƙasa. Tun daga ranar duk likitan da aka ajiye wa fayil ɗin a gabansa, wannan rubutun yake fara gani kafin ya buɗe.

Bara asibitin da take zuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya koma kwamfuta. Na raka ta sabuwar rajista. Aka tambayi suna, shekaru, lambar waya, lambar NIN da sunan ɗan'uwa na kusa, aka ɗauki hoto, muka biya kuɗin katin roba. Na ce wa yarinyar da ke kan tebur, “'Yata, tsohon fayil ɗin fa?” Ta ce, “Baba, an kai su sito, yanzu komai yana cikin sistem.” Layi ya kai har bakin ƙofa, mutane na ta tsaki a bayanmu. Na ɗauka an riga an kwashe abin da ke ciki, na yi shiru. Wannan shirun har yau yana damuna, domin ni ne ya kamata in fi kowa sani.

Bayan 'yan watanni na tafi Bauchi ta'aziyya, tari da ciwon ƙirji suka kama ta, autarmu ta kai ta asibiti. Likitan matashi ne, kuma ya yi tambaya, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Mama, akwai maganin da jikinki ba ya karɓa?” Ita ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sunan magani. Ta ce, “Akwai, ɗana, yana rubuce a fayil ɗina.” Ya duba kwamfuta, gurbin babu komai. Wataƙila ya ɗauka da abin mai tsanani ne da an rubuta. Ya ba ta amoksisilin, wanda ɗan gidan penisilin ne. Ta sha bayan sallar isha'i. Ƙarfe goma bai yi ba leɓɓanta sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, tana shaƙar iska kamar an shaƙe ta. Maƙwabci ne ya sa ta a motarsa zuwa imajansi. Kwana uku tana kwance, ana allura da ƙarin ruwa.

Da na dawo na roƙi wani tsohon abokin aiki ya buɗe mini siton. Malam Edita, fayil-fayil ne a cikin buhuna, an jibge su kamar masara, wasu ruwan rufi ya jiƙa su sun manne da juna. Na san tsarin lambobin, don haka kafin la'asar na zaro nata. Jan rubutun yana nan daram, da layinsa biyu. Na tsaya riƙe da shi hawaye na zubo mini.

Na kai wa likitan. Jikinsa ya yi sanyi, ya ba ni haƙuri, sannan ya nuna mini abin da ya ƙara ƙona mini rai: da an cike wannan gurbin, da zarar ya rubuta sunan maganin kwamfutar za ta yi masa gargaɗi. Ashe na'urar ta iya aikinta, ba a dai ba ta labarin ba. To ina amfanin rashin mantuwar abin da ba a taɓa faɗa masa komai ba? Wannan ce tambayar da ya kamata mai gabatarwa ya yi a maimakon dariya.

Kada a ce ni maƙiyin kwamfuta ne. Na fi baƙonku sanin aibin takarda. Na ga fayil ɗin da gara ta cinye, na ga mutum ɗaya da kati uku, na ga majinyaci ya taso tun daga Mangu ya koma gida ba a duba shi ba saboda fayil ɗinsa ya maƙale a wani ofis. Ina son a koma kwamfuta. Amma ba a ƙaura a bar tukunyar tuwo a tsohon gida. Kafin a ɗaure fayil a buhu, sai an zaunar da wanda ya iya karanta rubutun likitoci ya tsamo abin da rai ya rataya a kansa: maganin da jiki ba ya karɓa, rukunin jini, ko mutum sikila ne, ciwon suga ko hawan jini, tiyatar da aka taɓa yi, da magungunan da yake sha yanzu. Shafi ɗaya ya isa. Tsohon fayil kuma ya riƙa bin majinyaci zuwa gaban likita har ranar da likita zai sa hannu cewa an kwashe komai. Sannan masu haɗa manhajar su raba “babu” da “ba a tambaya ba”. A allon da na gani duka biyun fili ne fari, kuma wannan farin filin ne ya kusa raba ni da uwar 'ya'yana. Mu da aka kira masu ƙura mu muka san hannun kowane likita. Babu wanda ya neme mu.

Baƙonku ya yi ta ambaton Ingila. Me ya sa bai faɗa wa masu sauraro cewa gwamnatin Ingila ta fara babban shirin haɗa bayanan majinyata a kwamfuta a 2002, ta rushe shi a 2011, bayan ya laƙume kuɗin da aka ƙiyasta ya kai fam biliyan 10 ba? Ko cewa a watan Mayun 2017 harin 'yan kutse ya tsayar da kwamfutocin asibitocinsu da dama har suka koma biro da takarda? Su ke nan da wutarsu ba ta ƙiftawa. Mu kuwa ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Ranar da aka ce babu netwok ko dizal ya ƙare, da me likita zai san tarihin wanda aka kawo masa a sume? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora wa kowane asibiti alhakin adana bayanan majinyaci da tsare su. Buhu a ƙarƙashin rufi mai yoyo adanawa ce? Ku dawo da baƙon nan ku tambaye shi, ku kuma zaunar da ma'aikacin ɗakin kati ɗaya a gefensa. In an rasa, ni zan zo da fayil ɗin a hannuna.

Sai kuma maganar sanarwar rasuwa. Tun da kuka ɗauke ta daga bayan labaran safe kuka mayar da ita rana tsaka, ta daina yi mana amfani. Mu nan ba ma ajiye gawa. Makon jiya wani aminina na Gangare ya rasu da asuba, ban ji ba sai da aka dawo daga maƙabarta, alhali rediyona na kunne tun safe ana ta tallan maganin basir. Don Allah ku mayar da ita inda take.

Naku mai sauraro,
Tsohon ma'aikacin ɗakin kati,
Unguwar Rogo, Jos.