Zuwa ga 'Yata da ke Jinyar Waɗanda Aka Killace

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, dalilin wannan takarda shi ne wata magana da ta iso kunnena tun da aka mayar da ke ɓangaren da ake killace masu zazzaɓin Lassa. An ce kina shiga ki sauya ledar ƙarin ruwa, ki auna zafin jiki, ki fice ba tare da ko sannu ta haɗa ki da mai ciwo ba. Ban gaskata ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Na san haɗarin aikinki. Lokacin da aka fara gano cutar a 1969 daga garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya biyu ta fara kashewa, don haka kada ki taɓa yin sakaci da safar hannu ko takunkumi. Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kada tsoro ya busar miki da zuciya.

A sauran ɗakuna mara lafiya yana da mai jinya a bakin gado, ga 'yan dubiya suna zuwa da kunu suna yi masa addu'a. Wanda aka killace an raba shi da duk wannan, yana kwance yana kallo a fita da maƙwabcinsa cikin dare, babu mai ce masa komai. Fargaba takan hana shi barci da cin abinci, ta tsananta bugun zuciyarsa, har wani ya fizge allurar ƙarin ruwa ya nemi hanyar gudu. Ga shi cutar tana kurmantar da wasu, ke kuma bakinki a rufe, idanunki kaɗai yake gani. Idan su ma kika kawar da su, wa ya rage masa?

Ke da kika ga kwanakin kakarki Inna na ƙarshe ba ke za a koya wa wannan ba. Lokacin da kawunnanki suka dage cewa ba za ki yi aikin kwana a asibiti ba, ni na tsaya na ce musu tausayinki ya isa hujja. Kada ki sa in sunkuyar da kai a gabansu.

Na san gumi yana jiƙa ki cikin rigar kariya, kuma ma'aikata ba su da yawa. Duk da haka ki rubuta sunanki a gaban rigar don ya san wa ke kansa, ki kira shi da nasa sunan, ki gaya masa amfanin allura kafin ki yi masa. In kin ce za ki dawo bayan la'asar, to ki dawo, domin jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi komai ƙara zullumi.

Ranar hutunki ki kira ni in ji gaskiyar lamarin daga bakinki. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya tsare ki, Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.