Zuwa ga kamfanin jirgin saman da ya ƙwace mini katin zinare, wanda kuke ba fasinjojin da suka fi yawan tafiya da ku

Assalamu alaikum.

Ban so a kai ga nan ba. Jiya na kira layinku karo na bakwai, na yi minti 38 ina sauraron kiɗa, kuɗin wayata na ta zuba. Da yarinyarku ta ɗauka, na yi mata bayani tun daga tushe, sai ta ce: "Hajiya, in kina son zinare ai sai ki riƙa sayen bizines." Ta kashe. Na tabbata 'yar cikina ta girme ta.

Ina da shago a kasuwar Wuse, kayan lefe nake sayarwa. Shekara tara ke nan ina bin jirginku zuwa Guangzhou ta ƙasar China, sau biyar ko shida a shekara, har da lokacin baje kolin Afrilu da na Oktoba. An sha nuna mini tikitin da ya fi naku sauƙi, na ƙi. Ba don shayin ɗakin hutawarku ba, wannan bai taɓa damuna ba. Ƙarin akwati guda mai kilo 23 da katin yake ba ni, shi ne ribar tafiyar.

Da can nisan tafiya kuke lissafawa kafin ku ba mutum katin. Yanzu kun koma lissafa kuɗin da mutum ya kashe, shi ma ba duka ba, sai kun cire haraji. Tikitin da ejan ɗina ya saya mini da rangwame kuwa, ɗan abin da ya kawo ko ambato bai isa ba. Kun ce kun aiko da imel. Wataƙila. Ni dai ban gani ba.

A kan sikeli na ji labari, ranar 14 ga Oktoba, a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Na tsaya a layin da na saba, ma'aikacinku ya duba kwamfuta ya ce da ƙarfi na koma katin azurfa, na ƙasa da zinare, in koma baya. Mutane suna kallo, ƙanina da ya rako ni ya sunkuyar da kai. A dawowa kuka karɓi dala 250 na akwati na uku, rasit yana hannuna. Na rubuto ranar 2 ga Nuwamba, na sake rubutowa a Disamba, lamba kawai kuka ba ni.

Kun manta abin da ya sami naira ne? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mun ci gaba da hawa jirginku a haka, da guminmu. Wanda ofishinsa ya biya masa kujerar gaba sau biyu a shekara ya zama ɗan lele, mu da muke cika muku kujerun baya mun zama kaya. An ci moriyar ganga ke nan.

Ku mayar mini da dala 250, ku maido mini da matsayina har ƙarshen shekara, tunda na sayi tikitocin ne kafin ku canza doka. Kuma ku fito ku faɗa wa 'yan kasuwar Najeriya ƙarara cewa ba ku bukatarmu, maimakon ku ɓoye a bayan lissafin maki. Mu goma sha ɗaya ne a layin shagunanmu abin ya shafa. Na ba ku mako biyu, daga nan takardunmu za su tafi hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Wata 'yar kasuwa,
Wuse, Abuja