Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, a daina cire yara daga makaranta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka in yi magana kan farfaɗiya. Na daɗe ina koyar da kimiyyar halittu a sakandare, kuma yadda ake raba yaro da karatu don kawai ya faɗi a aji ya dame ni ƙwarai. A wata makaranta da na koyar, wata yarinya mai kaifin basira ta faɗi ana tsaka da darasi, jikinta na karkarwa, kumfa na fita a bakinta. 'Yan ajin suka watse, kowa na gudun kada yawunta ya taɓa shi. Kafin zango ya ƙare iyayenta sun zaunar da ita a gida.

Bari in faɗi abin da nake koya wa ɗalibaina. A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Suna aika wa juna saƙo ta hanyar 'yar wutar lantarki mai rauni da wasu sinadarai. Daga nan saƙon ya bi ta laka, wadda ke cikin ƙashin baya, ya isa hannu da ƙafa da sauran jiki. Da wannan ne muke gani, muke magana, muke ɗaga cokali zuwa baki. Farfaɗiya tana tashi ne idan tarin ƙwayoyin nan suka saki wutarsu gaba ɗaya ba bisa tsari ba, kamar yadda wuta kan zo da ƙarfi ta rikita kayan gida. Idan abin ya game ƙwaƙwalwa duka, sai mutum ya sandare ya faɗi yana jijjiga. Idan a wani sashe ya tsaya, alamar takan bambanta: hannu ɗaya ya riƙa fizga, ko mutum ya ji wani wari da babu shi, ko ya yi ta taunar baki bai san yana yi ba. Akwai ma yaran da kan yi zuru na 'yan daƙiƙu kawai, malami ya ɗauka rashin mai da hankali ne ya kai musu bulala.

Abubuwan da kan jawo ta ba baƙi ba ne a wurinmu. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da kan ziyarce mu lokacin zafi, da buguwar kai a haɗarin babur. Wasu kuma gado ne, wasu likita ma ba ya gano dalili. Amma ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta cin abinci a kwano ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 50 ke fama da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Akwai na'urar da ke auna wutar ƙwaƙwalwa, ana manna wayoyi a fatar kai ba tare da tsaga ba. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara gwada ta a kan mutum a 1924. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Sai dai maganin na shan kullum ne, wanda ya ga sauƙi ya ajiye shi da kansa yakan ga ciwon ya dawo.

Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. A hadisin Ibn Abbas, wata mata mai farfaɗiya ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta kai kukanta, ya saurare ta, ya yi mata albishir da Aljanna idan ta yi haƙuri, ya kuma yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa. Bai kore ta ba. To mu don me za mu guji namu?

Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohinmu su koya wa malaman firamare da na Islamiyya waɗannan matakai, a kuma samar da maganin a ƙananan asibitocin karkara, don kada uba ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa birni duk wata kafin ya samo wa ɗansa ƙwaya.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyya mai ritaya,
Funtuwa, Jihar Katsina