Barka da Sallah daga Abijan

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kuɗin da na aiko, a fidda na rago, sauran a sayi hatsi tun bai ƙara tsada ba. A gaida Yaya, da mai ɗakina da yara, da duk mutanen unguwa.

Layya ta huɗu ke nan ina yi nesa da Tawa. Ran jajibiri na shiga kasuwar Ajame cefane, sai ga albasar Galmi buhu kan buhu, mai sayarwa tana rantsuwa babu irinta a miya. Na ɗauki guda na sunsuna, na daɗe tsaye riƙe da ita, zuciyata tana gida.

Baba, ƙasarmu ba matsiyaciya ba ce. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, matatar man Damagaram na aiki tun 2011. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ce ta fara kawar da makantar da ƙudan kogi ke kawowa a duk Afirka. Ku kanku da ramukan tassa masu tara ruwan sama kuka raya faƙon da kowa ya fidda rai da shi, har ya ba da gero.

To me ya kore mu? Da an gama girbi aiki ya ƙare, sai matasan Adar su cika mota. Lantarki ma a da yawancinsa daga Najeriya yake zuwa, mun ga duhun da aka sha da aka yanke shi a 2023. Amma abin da ya fi cin raina makaranta ce. Ƴaƴan maƙwabcina nan a benci suke zama, namu kuwa a ƙasa, cikin rumfar zana da ba a kafawa sai damina ta wuce. Ban manta gobarar Yamai ta 2021 ba, yara ashirin suka rasu a irin wannan aji.

Shi ya sa nake roƙonku, Baba, da girman Allah. Na ji ana maganar auren Auta. Yarinyar nan tana da kai, a bar ta ta ƙare lakwal. Littattafai da tufafi duk a wuyana. Inna, kin tuna daren da muka ɗauke ki a amalanken jaki zuwa likita, muka tarar da unguwarzoma ɗaya tal a kan mata cike da ɗaki? Irin aikin da nake yi wa Auta fata ke nan.

A ajiye mini soyayyen nama, ɗan Kawu zai taho da shi. Zan kira ran Juma'a bayan sallah.

Ɗanku mai begenku.