Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatun kimiyyar siyasa

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta gaya min malaminki ya amince da taken bincikenki na kammala digiri, a kan abin da ke hana mata fita zaɓe. Madalla. A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, don haka tambayarki tana da wurin zama.

Abin da ke damuna shi ne takardar tambayoyi. Na san yadda wasu ɗalibai ke yi: su buga takardun, su zauna a ɗakin kwana su cike da kansu, suna canza biro don kada a gane. Kada ki kuskura. Ki shiga gidaje da ƙafarki, ki yi sallama, ki yi tambayarki da Hausa.

Idan kika tambayi mace a gaban mijinta ko surukarta, amsar gidan za ki samu, ba tata ba. Ki bari sai an watse, tana tsintar shinkafa, sannan ki zauna kusa da ita. Kuma kar ki ce mata "ai kin yi zaɓe ko?" Kunya kaɗai za ta sa ta ce eh. Ki tambaye ta ina rumfar zaɓenta take, da wane lokaci ta je, wa ya riƙe mata yara, ina katinta yake yanzu. Kada ki tsaya a unguwarmu don an san ki; matan ƙauye ma suna da nasu dalilan. Sunan kowa kuwa kar ya shiga takardarki.

Darasin tsarin mulki da kike cewa yana sa ki barci, ki koma masa. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri a kan haka. Kakarki ta haifi 'ya'yanta kafin doka ta ba ta wannan dama. Ki leƙa Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano da ke Kano wanda ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ki ga abin da suke da shi a kan wancan zamani.

Na tura miki kuɗin mota da na buga takardu. Ki gaida malaminki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki