Zuwa ga Abba, a Minesota

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Baffanka da iyalinsa. Mu nan sai godiya, in ban da ƙafar Hajiya da ta sake tashi tun shigowar hunturu. Na san in na ce ana sanyi a Zariya dariya za ka yi, kai da kake taka ƙanƙara zuwa makaranta.

Rubutawa na yi ban kira ba, domin a waya ba abin da nake samu a wurinka sai "to, Baba" har mu yi sallama.

Baffanka ya turo mini jerin littattafan da kuke karantawa a ajin Turanci bana, ya ce a can aji na 11 ne ake karatun adabin Amurka. Na ji daɗi ƙwarai. Shekara 31 na yi riƙe da alli, kuma lokacin da na koyar da Native Son na Richard Wright ga 'yan jarrabawar WAEC, kwafi shida aji guda ke karɓa-karɓa. Kai ga naka kai kaɗai. Yadda malamarku ke koyar da rubutu ma ya burge ni: ka faɗi matsayinka a jimla ɗaya tun a sakin layi na farko, ka kawo hujja daga littafin har da lambar shafi, a dawo maka da takarda ka gyara, a sake dawo maka da ita. Mu nan sai mun gaida gari kaf kafin mu kai ga magana, ga shi ma ina yi. Ka riƙe wannan horon da kyau. Kada ka ɗauki jimlar wani ba ka ambaci mai ita ba, kada kuma ka bar ChatGPT ya yi maka aikin da kanka ya kamata ya yi. A makarantunsu sata ake kiran wannan, a gidanmu ma haka.

To, ga abin da ya hana ni barci. Matar Baffanka ta gaya wa Gwaggonka, Gwaggonka ta gaya wa Hajiya, ni ne na ƙarshen ji kamar kullum. An ce an sa ku rubuta labarin rayuwarku, irin na kalma 650 da jami'o'insu ke nema, kai kuma ka rubuta a kan shekarar da muka bar gidan Tudun Wada. An ce ka karanta a gaban aji har aka tafa maka. An kuma ce sunan da ke saman takardar ba naka ba ne, wani guntun suna ne mai haruffa uku da abokanka suka laƙaba maka, ka karɓa hannu bibbiyu.

Batun Tudun Wada zan iya haɗiye shi, ko da ɗaci. Shekararka tara a lokacin. Abin da ka leƙo ta labule shi ka gani, ba ka ji abin da aka yi a zaure ba, ba ka san wanda ya je biko har sau uku ba. Ban taɓa kare kaina a gabanka ba, don uba ba ya kai ƙarar uwa wurin ɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma da na so ka san haka kafin ka shimfiɗa mu a gaban 'ya'yan mutane.

Sunan ne ya tsaya mini a wuya.

The Great Gatsby na cikin jerin naku, don haka ba sai na ba ka labari ba. Wanda ya rubuta shi, Fitzgerald, a Sen Pol aka haife shi, nan kusa da inda kake kwana, littafin kuma ya fito a 1925. Na san za a tambaye ku ma'anar koriyar fitilar nan da Gatsby ke hange a tsallaken ruwa, da burin Ba'amurke na yin arziki, ka amsa musu yadda suke so. Ni babi na ƙarshe na koma na karanta daren jiya. Yaron nan James Gatz sunansa, ɗan talakawan manoma, ya sauya suna zuwa Jay Gatsby yana ɗan shekara 17, wato shekarunka yau, don zuciyarsa ba ta taɓa yarda cewa waɗannan ne iyayensa ba. Da ya mutu, tsohon nasa a jarida ya gani. Ya taso daga wani ƙaramin gari a Minesota, jihar da kake ciki, yana rawar jiki, yana nuna wa baƙo wani tsohon littafi da yaron ya rubuta jadawalinsa a bayansa, tashi ƙarfe shida, motsa jiki, karatu, can ƙasa kuma alkawarin zai ƙara kyautata wa iyaye. Duk taron da ke cika gidansa suna ci suna sha, 'yan tsiraru ne suka raka gawarsa. Na rufe littafin na kasa tashi daga kan tabarma, don ba yaron na gani ba, tsohon na gani.

Ka san sunan wa kake ɗauke da shi? Sunan da ni ban taɓa furta shi da bakina ba tun ranar da aka raɗa maka, shi ya sa kake Abba. Mahaifiyarka ma ba ta taɓa kiran sa ba. Mu muna kewaye shi don kunya da girmamawa, kai ka yar da shi don wani yaro ya ce yana masa wuyar faɗi? Su da suke furta sunayen 'yan ƙwallo na kowace ƙasa ba gargada? Kai, Abba! Ba don wannan na sayar da filin Shika ba. In kunyarmu kake ji, ka fito ka faɗa, tunda an koya maka faɗin matsayi a jimla ɗaya.

Na san me za ka ce, don ni na haife ka: ai Frederick Douglass ma ya sauya suna. Haka ne. Bailey ne sunansa na asali, ya gudo daga bauta a 1838, ana farautarsa. Amma duba ƙarshen littafinsa na 1845. Da ya ba mai masaukinsa damar zaɓa masa sabon suna, sharaɗi ɗaya ya gindaya, kada a taɓa masa Frederick, don da shi yake gane kansa. Kai wa ke farautarka?

Akwai kuma wanda ban gani a jerinku ba. Umar ɗan Sa'idu, malami Bafulatani daga Futa Toro, an sauke shi a birnin Calston na Amurka a 1807 a matsayin bawa. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a Karolina ta Arewa, ya buɗe da Tabaraka, ya ambaci sunansa da na ubansa. Rubutun yana ɗakin karatu na majalisar dokokinsu a Washinton. Wannan ma adabin Amurka ne. Ka tambayi malamarku ko za ta bari ka yi aikin zango na gaba a kansa, ga ka da Larabcin allo da ba wanda ya kai ka a ajin.

Na yi zafi, na sani. Wataƙila abin bai kai yadda ya iso mini ba, maganar da ta bi ta bakuna uku ba ta rasa ƙari. Na kuma san zama baƙo a aji ba sauƙi, ni ma an yi mini dariyar lafazi a shekarata ta farko a kwaleji, har na yi wata guda ban ɗaga hannu ba. Kuma a ƙasan raina, kada ka gaya wa Gwaggonka, na ji wani abu da aka ce an tafa wa rubutun ɗana.

Ka turo mini takardar yadda take, da jan biron malamar, kada ka goge komai, har saman. Zan karanta ta a matsayin malami tukuna, in na iya. Hajiya ta ba da kilishi da yajin daddawa, suna wurin mutumin da zai taho wajen Baffanka bayan sallah. Ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka in za ka fita. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka