Argungu ba kamun kifi kaɗai ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana a kan Argungu. Kafofin labarai ba su cika tunawa da garin ba sai lokacin bikin kamun kifi. A ɗauki hoton masunta da homa da gora sun auka kogin Matan Fada, a auna giwan ruwan da ya fi nauyi, kowa ya kama hanyar gida. Amma kusa da babbar kasuwa akwai Gidan Tarihi na Kanta, wanda baƙi da yawa ke wucewa ko leƙawa ba su yi.

Na kai ɗalibaina wurin kwanakin baya. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, an zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwa, sannan aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Sunan Muhammadu Kanta aka sa mata, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame. A ɗakunan akwai masu da takubba, da kwari da baka, da bindigogin gargajiya, da layu, da ganguna. Nan ne kuma makwancin sarakuna, Allah Ya jiƙansu. Yara masu surutu duk suka yi tsit a wajen, suka ɗaga hannu aka yi addu'a. Wani yaro ya tsaya gaban takobi ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wai da wa aka yi yaƙin?"

Malam Edita, amsar wannan tambaya ita ce asalin bikin da kuke ɗauka. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya kamun kifi don karrama shi. Bikin sulhu ne ke nan, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su a 2016. Wanda bai ga makaman nan ba, ina zai san girman abin da aka yafe wa juna?

Don Allah ku tura wakilinku ranar da babu biki, ya zauna da dattawan da suka san labarin kowane kaya, ya naɗi muryarsu tun suna raye, ku riƙa buga mana da Hausa ko da shafi guda ne a wata. Shugabannin makarantun jihar Kebbi da Sakkwato kuma su sa ziyarar cikin tsarin zangon karatu, domin hanyar ba ta da nisa.

Na gode.

Naku,
Malamin sakandare, daga Birnin Kebbi